Jiƙaƙƙiyar Zuciya: Abin da Bakteriya Ke Yi a Cikin Itacen Fir

A masana'antun tsaga katako na kudancin Jamus, musamman yankin tsaunukan Baƙin Daji, gungumen itacen fir ba ya yin kuɗin da gungumen itacen sufurus yake yi, ko da tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kuma daga daji ɗaya aka saro su. Ƙarfi kam fir yana da shi, domin idan ya bushe sarai magina suna ɗora masa irin nauyin da suke ɗora wa sufurus. Abin da ke karya masa farashi yana can tsakiyar gungumen. Da zarar zarto ya ratsa gindin, sau da yawa sai a tarar zuciyar itacen, wadda ya kamata a same ta fara kuma a bushe, ta yi duhu-duhu, ta jiƙe sharkaf, wani lokaci har ruwa na tsattsafowa, ga wani wari mai tsami da ke bugun hanci. Wannan ita ce jiƙaƙƙiyar zuciya, kuma idan aka bincika ta, sau da yawa akan tarar da bakteriya jingim a ciki.

Fir ba itacen ƙasar zafi ba ne. Danginsa, waɗanda masana tsirrai ke kira Abies, sun kai iri 50 ko kusa da haka, kuma mazauninsu tsaunuka ne da dazuzzukan sanyi na arewacin duniya. A Afirka ba a samunsa sai a duwatsun Rif na Maroko da na Babor a Aljeriya. Na Turai, Abies alba, yakan kai mita 50 a tsayi, ya rayu shekara 500. Kanada tana da Abies balsamea, yammacin Amurka yana da Abies concolor da Abies grandis, tsibirin Hokkaido na Japan kuma yana da Abies sachalinensis. Dukansu suna fama da jiƙar zuciya, har a wasu dazuzzukan da wuya a sare tsohon itace a same shi babu ita. Tambayar da ta daɗe tana cin ran masana katako ita ce: mene ne ainihin abin da waɗannan ƙwayoyi suke taɓawa a jikin itacen, kuma su ne suka kawo ruwan ko ruwan ne ya kawo su?

Ba a gane ɓarnar sai an san ginin. Idan aka yanko ɗan siririn yanki na katakon fir aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da za a gani bututai ne jere a tsaye, sun mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa. Masana suna kiransu tirakid. Kowane bututu gawar ƙwayar halitta guda ce: ta girma, ta gina bangonta, ta mutu, ta bar rami a tsakiya don ruwa ya bi daga saiwa zuwa ganye. Tsawonsa milimita 3 zuwa 4, faɗinsa kuma maikiromita 30 zuwa 40, maikiromita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Bangon an saƙa shi ne da zaren selulos, aka ɗaure da hemiselulos, sannan lignin ya cike tsakani ya sandarar da shi. Babban bangon hawa uku ne, kuma na tsakiyar, wanda ya fi kauri, shi ke ɗauke da yawancin ƙarfin katako. Tsakanin bututu da maƙwabcinsa akwai wani siririn manne da ya haɗa su, wanda ya fara a matsayin fektin tun ƙwayoyin suna danye, daga baya lignin ya shige shi.

Bututan nan a toshe suke sama da ƙasa. Ruwa ba ya wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya sai ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin bango, gommai a kowane bututu, sun fi taruwa wajen bakunan da suka haɗu da juna. Ginin ƙofar nan yana da ban mamaki, kuma a nan duk maganar take. Bangayen biyu suna kumburowa kowanne ta gefensa, su bar ɗan ɗaki a tsakani, da ƙaramin rami ta kowane ɓangare. A tsakiyar ɗakin an shimfiɗa tantani. Tsakiyar tantanin faifai ne mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, gefensa kuma raga ce ta siraran zaren selulos da ta rataye faifan a sarari. Ruwa yana shigowa ta rami, ya kewaye faifan, ya bi ta idon ragar, ya fita ta ɗaya ramin. Idan iska ta kutsa cikin wani bututu, sai bambancin matsi ya tura faifan ya manne a bakin ramin ya toshe shi, iskar ba ta samun hanyar yaɗuwa zuwa sauran. Haka itacen ke kare kansa a lokacin fari. Sai dai faifan nan, a sashen itacen da ke aiki, lignin bai shige shi ba, kuma yana ɗauke da fektin mai yawa. Wato a duk ginin, shi ne wuri mafi taushi.

Akwai kuma layuka na ƙwayoyi masu rai da suka kwanta daga ɓawo suka nufi tsakiya, faɗin ƙwaya ɗaya-ɗaya, inda itacen ke ajiye sitaci da sukari da ɗan mai. Abu guda da ya raba fir da itatuwan sufurus da fayin shi ne, katakonsa ba shi da hanyoyin ƙaro na dindindin. Sai in an ji masa rauni yake ƙirƙiro wasu na gaggawa. Kafinta yana jin daɗin wannan, domin ƙaro ba ya fitowa ya ɓata fenti, amma itacen ya rasa wani makami da 'yan uwansa ke toshe rauni da shi.

A ƙa'ida, idan zoben shekara ya tsufa, ƙwayoyinsa masu rai sukan mutu, ruwan ya janye, ƙofofi su rufe, sashen ya koma zuciya. Masu aikin katako suna auna danshi ne da nauyin ruwan idan aka gwada shi da nauyin busasshen katakon. Da wannan ma'auni, lafiyayyar zuciyar fir tana da danshi kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Jiƙaƙƙiya kuwa takan haura 150, wato ruwan da ke cikinta ya fi ita kanta nauyi sau ɗaya da rabi, daidai da tsokar waje mai ɗaukar ruwa ko ma fiye.

Bakteriya suna shiga ne ta inda aka buɗe musu: saiwar da ta ji rauni a cikin ƙasa, kututturen reshen da ya mutu, ɓawon da injin jan gungume ya saɓule, ko tsagar da sanyi ya yi. Waɗanda suka fara isa masu buƙatar iskar oksijin ne, ko masu iya rayuwa da ita ko babu. Sukan shanye ɗan abin da ke akwai, kuma tun da ruwa ya cike ramukan, sabuwa ba ta shigowa da sauri. Daga nan sai fage ya koma hannun waɗanda ba sa son iskar, irin su dangin Clostridium. An kuma sha samun dangin Bacillus da Erwinia da Enterobacter da Pseudomonas a jiƙaƙƙen katako na itatuwa daban-daban. Abincinsu na farko shi ne sauƙaƙan abubuwan da suka rage a layukan ajiya. Suna ruɓar da sukari da sitaci, su fitar da asid: asetik mai warin ruwan kal, furofiyonik, da butirik, wanda shi ne sinadarin da ke sa lalataccen man shanu wari. Wannan ne abin da hancin mai zarto ke ji. A fir ruwan yakan karkata ga tsami, saɓanin na itatuwan elm da fofla inda ya fi karkata ga kanwa-kanwa.

Idan sauƙaƙan abinci ya ƙare, sai su juya ga fektin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa karan rama a kududdufi ya san wannan aiki, ko da bai san masu yinsa ba. Ana nutsar da damin a ruwa kwanaki, ruwan ya yi wari, sannan a ciro a saɓule zaren cikin sauƙi, zaren da ƙarfinsa, abin da ya riƙe shi kawai ya narke. Bakteriya ne suka ci fektin ɗin da ya manne zaren, kuma dangin Clostridium suna cikin manyan masu wannan aiki. Abin da ke faruwa a zuciyar fir ke nan, sai dai a hankali ƙwarai, cikin shekaru, domin a katako lignin ya lulluɓe yawancin fektin ɗin ya hana a kai gare shi. A 1981, Bernhard Schink da James Ward da Gregory Zeikus, suna aiki a birnin Madison na jihar Wiskonsin, sun nuna muhimmancin cin fektin da dangin Clostridium ke yi a jiƙaƙƙen katakon itatuwa masu rai, kuma aikinsu yana cikin waɗanda suka sa aka mai da hankali kan tantanin ƙofofi a matsayin inda ake fara ɓarna.

Ga abin da madubin lantarki ke nunawa idan aka tsaga ƙofa ɗaya daga katakon da bakteriya suka daɗe a ciki. A lafiyayye, faifan sumul yake, gefensa a zagaye tsaf, zaren ragar sun miƙe daga gare shi ta ko'ina. A wanda aka ci, fuskar faifan takan fara yin kaushi, zaren selulos da ke ƙarƙashi su bayyana tsirara saboda abin da ya shafe su ya tafi. Sai ramuka su ɓullo, gefen ya zaizaye, a ƙarshe faifan ya yage ko ya rabu da ragar ya faɗa gefe guda cikin ɗakin. Kusa da shi za a ga su kansu ƙwayoyin, 'yan sanduna masu faɗin maikiromita ɗaya ko ƙasa da haka, sun taru a ɗakin ƙofar, sau da yawa cikin wata yauƙi da suka fitar. Amma idan aka ɗaga ido daga ƙofar aka dubi bangon bututun da ke kewaye da ita, sai a same shi lafiya lau, hawansa uku cif, babu rami babu zaizaya. Wannan bambanci shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Fangas mai ruɓar da katako bangon yake ci, ya rage nauyi da ƙarfi. Bakteriyan jiƙaƙƙiyar zuciya ƙofofi da manne suke taɓawa. Shi ya sa falankin da ya fito daga irin wannan gungume, idan ya bushe ba tare da ya tsage ba, ƙarfinsa bai yi nisa da na lafiyayye ba.

Hankali zai ba mutum cewa katakon da ƙofofinsa suka ɓalle zai fi saurin bushewa. A aikace akasin haka ake gani, kuma wannan ne ya fi damun masu masana'anta. Dalili na farko a fili yake: ruwan da za a fitar ya ninka sau uku ko fiye. Na biyu ya fi zurfi. Ɓarnar ba ta tafiya bai ɗaya. A wani wuri faifan ya yage, a wani wurin kuma, taku kaɗan daga nan, ya manne a bakin rami, sinadaran itacen da yauƙin bakteriya sun bushe a kansa sun like shi. Masu bincike sun ga duka biyun a fir: akwai samfurin da ya fi lafiyayyar zuciya shan ruwa, akwai wanda ƙofofinsa suka toshe da datti. A ganina babu saɓani a nan. Yanki mai buɗaɗɗun ƙofofi da aka kewaye shi da yanki mai likakkun ƙofofi, ruwansa yana yawo a ciki amma ba shi da mafita. Irin wannan ne ke zama aljihun ruwa a tsakiyar falanki. A Arewacin Amurka katakon gini ba ya samun hatimin busasshe sai danshinsa ya sauka zuwa kashi 19 cikin 100. Ana iya fitar da lodi daga ɗakin busarwa, yawancinsa ya kai, amma a tsakiyar wasu falankan danshin yana nan ninki biyu ko fiye. A gabashin Kanada, inda ake sayar da sufurus da fayin da fir a rukuni ɗaya, fir ɗin ne kullum ke jan lodin baya. In aka jira shi, sauran su bushe fiye da kima su karkace. In ba a jira ba, a sayar da ɗanye.

Idan kuma aka matsa wa wutar don a gaggauta, sai wata ɓarnar ta fito. Bututun da ruwa ya cika maƙil, babu ko ƙwayar iska a ciki, idan ruwan yana fita ta ƙananan ramuka yakan ja bangon ciki da ƙarfi, bangon da zafi ya riga ya tausasa, sai bututun ya lotse. A ido, fuskar falankin takan yi kwari-kwari. Wani lokaci kuma wajen ya bushe ya sandare alhali cikin bai soma ba, daga baya cikin ya tsuke ya tsattsage, a ga falanki sumul daga waje, sai an yanka a tarar da ramuka. Akwai kuma tsagar da ke bin zoben shekara, inda zobe ɗaya ke rabuwa da na kusa da shi tun itacen yana tsaye. Masana da dama, ciki har da Ward, sun danganta ta da raunin da bakteriya ke yi wa mannen da ke tsakanin bututai, sannan iska mai kaɗa itacen da ƙanƙarar hunturu su ƙarasa aikin. Ruwan da ya taru a zuciya idan ya daskare yana taimakawa wajen fasa gindin daga ciki. Asid ɗin ma ba ya barin ƙarfe lafiya, yakan ci jikin ɗakin busarwa da tsatsa. A 1980 Ward da W. Y. Pong sun tattara waɗannan matsaloli a wani rahoto na Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wanda har yau masu nazarin abin suke komawa gare shi.

Akwai wani reshe na labarin da ya fi shafar itatuwa masu faɗin ganye, amma ya nuna iyakar rashin iskar da ke cikin irin wannan zuciya. A 1907 Francis Bushong, malamin kimiyyar sinadarai a Kansas, ya tara iskar da ke fita daga gindin wani itacen fofla, ya kunna mata wuta ta kama. A 1974 Zeikus da Ward suka tabbatar da cewa ƙananan halittu masu samar da iskar metan ne ke zaune a jiƙaƙƙiyar zuciyar irin waɗannan itatuwa, halittun da oksijin ke kashewa.

To, wa ya riga wani, ruwan ko ƙwayoyin? Shekaru da yawa an ɗauka amsar a bayyane take. Tun 1945, lokacin da J. C. Carter ya bayyana jiƙar zuciyar elm a jihar Ilinoi ya ɗora alhakinta a kan wata bakteriya, aka riƙa kallon abin a matsayin cuta mai shigowa daga waje. Fir ne ya kawo shakka. A 1977 M. P. Coutts da John Rishbeth a Birtaniya sun yi gwaji a kan Abies grandis, suka ga jiƙar tana tasowa a matsayin martanin itacen ga rauni ko ga harin fangas, kuma ƙwayoyinsa masu rai suna da hannu a ciki. A 1982 James Worrall da J. R. Parmeter na Jami'ar Kalifoniya a Bakli suka sami makamancin haka a Abies concolor: ruwan jiƙaƙƙiyar zuciya yana ɗauke da narkakkun gishirai fiye da na kewaye, abin da ke sa ya jawo ƙarin ruwa zuwa gare shi, kuma jiƙar tana iya somawa ba tare da bakteriya ba. Shekara guda bayan haka suka ƙara da wani abin da ya fi wannan muhimmanci. Ƙarancin oksijin da asid ɗin da ke cikin jiƙaƙƙiyar zuciya suna hana fangas ɗin nan Heterobasidion annosum girma, shi kuwa yana cikin mafiya ɓarna ga saiwa da gindin itatuwan wannan dangi a duk arewacin duniya. Ke nan abin da mai masana'anta ke gani a matsayin aibi, yana iya zama abin da ya hana gindin ruɓewa shekaru da dama.

Turawa sun fuskanci tambayar ta wata hanya mai zafi. A shekarun 1970 fir ya riƙa mutuwa a Babariya da Baƙin Daji da wasu sassan tsakiyar Turai, ganye na zubewa, kan itacen na yin fili. Da aka sare marasa lafiyar, sai aka ga jiƙar ba ta tsaya a zagayenta na tsakiya ba. Ta miƙo harsuna marasa tsari cikin tsokar waje, ta cinye hanyar ruwan, tana wari fiye da yadda aka saba. Masana a Hambug da Munik, irin su Josef Bauch da Peter Schütt, sun bambanta iri biyu: jiƙar da aka saba gani a lafiyayyen itace, wadda ke zaune a tsakiya da iyakarta a zagaye, da jiƙar cuta mai yaɗuwa waje. An zargi bakteriya, kuma lallai suna nan. Amma abin da ya biyo baya ya nuna inda babban laifin yake. Fir yana cikin itatuwan da hayaƙin salfa dayoksaid na masana'antu da tashoshin wutar kwal ya fi cutarwa. A 1983 Jamus ta Yamma ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan tashoshi tace hayaƙinsu. Hayaƙin ya ragu ƙwarai, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 zoben shekara na fir ya soma faɗaɗa, itatuwan da aka fid da rai da su suka farfaɗo. Bakteriyan ba su je ko'ina ba. Itacen ne ya sami ƙarfin tsare iyakarsa.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin da na fi gamsuwa da shi shi ne: itacen ne yakan fara tara ruwan, bakteriya su zo su zauna a ciki, sannan su sauya shi. Wari nasu ne, asid mai yawa nasu ne, yagewar faifai da raunin manne nasu ne. Wanke su gaba ɗaya kuskure ne, kamar yadda ɗora musu komai kuskure ne, kuma wannan na biyun ya fi tsada, domin yana sa a nemi magani a inda babu shi a bar kula da lafiyar dajin.

Bayan an sare itacen ma aikinsu bai ƙare ba. Idan guguwa ta kayar da daji, kamar yadda guguwar Lothar ta yi a Faransa da kudancin Jamus da Suwizalan ranar 26 ga Disamba 1999, gumagumai sukan fi ƙarfin masana'antu. Sai a jibge su a fili ana yayyafa musu ruwa dare da rana, wata da watanni, har shekaru, domin fangas da ƙwari ba sa iya aiki a katakon da ruwa ya cike. Dabarar tana ceton katakon, amma tana ba bakteriya tsokar waje, inda faifan ƙofofi ya fi taushi. Sakamakon ba ya fitowa sai a hannun mai fenti: wurin da aka ci yakan zuƙe fenti ko maganin katako fiye da kewayensa, fuskar taga ko ƙofa ta yi dabbare-dabbare. Wasu kuma da gangan suke neman wannan. Sufurus da fir suna da wuyar shan maganin hana ruɓa, saboda ƙofofinsu na rufewa da sun bushe. Tun wajen 1970 aka gwada a Ayalan da wasu ƙasashe cewa jiƙa turakun sufurus a tafki na wasu makonni yana buɗe tsokar waje, maganin ya shiga da zurfi. Matsalar dabarar ita ce rashin daidaito, domin ba a iya umartar ƙwayoyin su ci ko'ina daidai wa daida.

Inda bakteriya suka fi kai wa bangon kansa hari shi ne katakon da ya kwana ƙarƙashin ruwa ko cikin laka shekaru gommai ko ɗaruruwa. Waɗannan wasu iri ne dabam, kuma Thomas Nilsson da Geoffrey Daniel na jami'ar aikin gona da ke Ufsala a Suwidin suna cikin waɗanda suka fayyace aikinsu a shekarun 1980. Iri ɗaya yana kwanciya a cikin ramin bututun, ya riƙa zaizayar bangon yana bin layin zaren selulos, ya cinye hawan tsakiya ya bar ragowa mai laushi. Wani irin kuma haƙa rami yake yi cikin bangon yana tafiya. Mai zaizayar yakan bar mannen tsakani, wanda lignin ya yi wa yawa, don haka katakon yana riƙe siffarsa muddin yana jiƙe, a ga kamar lafiyayye, amma wuƙa ta shige shi ba wuya, in ya bushe kuma ya tsuke ya farfashe. Wannan ya shafi biranen da aka gina a kan turaku. Fadar da ke dandalin Dam a Amstadam, wadda aka soma ginawa a 1648, tana tsaye ne a kan turakun itace 13,659. Binciken da aka yi a Holan ya nuna turakun fayin sun fi na sufurus saurin lalacewa, domin ruwa yana ratsa tsokar fayin cikin sauƙi, yana tafe da ƙwayoyin da abin da suke buƙata. Rufaffun ƙofofin da ke wahalar da mai busarwa su ne ke rage wa mai zaizaya gudu. Fir ma an daɗe ana yaba shi a aikin cikin ruwa, kuma a ƙarni na 18 manyan gumagumansa daga Baƙin Daji ake ɗaurewa a bi da su kogin Rayin zuwa Holan.

Abin da masana'antu masu lura suke yi a yau ba shi da sarƙaƙiya. Suna raba fir da sufurus tun daga filin gumagumai. Bayan tsagawa su auna nauyi ko danshin kowane falanki, su ware masu nauyin, wasu manyan ma suna da na'urar hoton ciki da ke nuna inda ruwan yake kafin zarto ya taɓa. Jiƙaƙƙun akan jera su a rumfa iska ta fara rage su, sannan a shigar da su ɗakin busarwa a soma da ƙaramin zafi. Yana cin lokaci da wuri, amma katakon da ke fitowa fari ne, ba ƙaro, warin ma yakan ragu sosai in ya bushe. Ginshiƙan babbar rumfar katako ta bikin baje kolin duniya na Hanoba a 2000 da gumaguman fir na Baƙin Daji aka yi su, kuma yankin Foralbag na Ostiriya ya yi suna wajen gina gidaje da makarantu da shi.

Maganar za ta ƙara girma nan gaba. Farin da aka yi daga 2018 zuwa 2020, da ƙwaron ɓawo da ya biyo bayansa, sun kashe sufurus a faɗin wurare masu yawa a Jamus da Jamhuriyar Cek. Fir yana da saiwa mai nutsawa ƙasa sosai, ya fi jure guguwa da ƙarancin ruwa, don haka masu kula da daji suna ƙara shuka shi cikin cakuɗen itatuwa, suna kuma killace 'ya'yansa daga barewa da ke son cin tohonsu. Itacen da aka shuka yanzu sai ya shekara 100 ko fiye kafin ya isa masana'anta, kuma duk saɓulewar ɓawo ko murƙushewar saiwa da ya samu a tsawon wannan lokaci hanya ce ta shigar ruwa da ƙwayoyi. Saboda irin wannan rauni, da kuma tsare ƙasar daga dannewa, a dazuzzukan Jamus ake keɓe wa injunan sara da jan gungume hanyoyi na dindindin, da tazarar mita 20 zuwa 40 tsakaninsu, ba a yarda su sauka daga kai ba.